Ficewar Nijar Daga ECOWAS Da Muhawarar Da Ta Iso Har Kasuwannin Gaya

A ranar 29 ga Janairu, 2025, Jamhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ake kira ECOWAS a Najeriya, a Nijar kuma CEDEAO. Ƙungiyar mai ƙasashe 15 ta koma 12. Ƙasashen uku sun tafi da fiye da rabin faɗin ƙasar da ƙungiyar take da shi, da mutane sama da miliyan 70. A Legas ko Fatakwal ana iya ɗaukar wannan a matsayin labarin ƙasashen waje, amma a arewacin Najeriya magana ce ta cikin gida. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, ta bi ta jihohi bakwai: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, kuma a mafi yawan tsawonta Hausa ake yi a ɓangarorin biyu.

Jihar Kano ba ta taɓa iyaka ba, amma ita ce babbar kasuwar duk yankin. Garuruwan gabashinta irin su Gaya da Kademi da Ajingi suna maƙwabtaka da Jigawa, Jigawa kuwa ita ke da Maigatari, inda kasuwar Alhamis ke karɓar shanu da raguna da awaki da raƙuma daga ƙasar Damagaram. Daga can dabbobi ke gangarowa zuwa karar Wudil da sauran kasuwannin karkara kafin a lode su zuwa kudu. Hatsin da manoman yankin suka sayar yakan bi ta Dawanau, wani kuma ya tsallaka arewa. Da rani 'yan ci-rani daga Nijar sukan cika garuruwan Kano suna ga-ruwa da shayi da gadi da leburanci. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanyar da ke tsakanin Kano da Damagaram ko Maraɗi, sai an ji shi a farashin ragon layya da kwanon gero a Kademi.

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, kuma shugabannin da suka fi ɗawainiyar kafa ta su ne Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Janar Gnassingbé Eyadéma na Togo. Nijar, ƙarƙashin Seyni Kountché, tana cikin waɗanda suka sa hannu tun ranar farko. Abin lura a nan shi ne dukkan waɗannan ukun sojoji ne da suka hau mulki ba ta hanyar zaɓe ba, don ƙungiyar a farkonta ta kasuwanci ce, ba ta tambayar yadda shugaba ya hau kujera. A 1979 aka amince da yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba tare da biza ba ya zauna har kwana 90. Aka tsara shirin yafe harajin kwastam ga amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu da aka samar a yankin. A 1998 aka fitar da takardar shaidar makiyaya masu tsallaka iyaka da garkensu. Akwai kuma katin inshorar mota da direba zai yi amfani da shi a duk ƙasashen, da fasfo mai tambarin ƙungiyar, da kotu a Abuja wadda talaka zai iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta.

Siyasa ta shigo daga baya. Yaƙin Laberiya ya sa aka kafa rundunar ECOMOG a 1990, wadda sojojin Najeriya suka ɗauki mafi yawan nauyinta, aka kuma sake fasalin yarjejeniyar ƙungiyar a Kwatano a 1993. A 2001 aka ƙara ƙa'idar da ta haramta karɓar mulki ba bisa tsarin mulki ba. Wannan ƙa'ida ce ta zama tushen rikicin da ya raba gari.

Sojoji sun karɓi mulki a Mali a 2020 da 2021, a Gini a 2021, a Burkina Faso sau biyu a 2022. Ranar 26 ga Yuli, 2023, dogaran fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, shugabansu Janar Abdourahamane Tiani ya hau mulki. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, wanda bai cika wata guda da karɓar jagorancin ƙungiyar ba. Suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka hana jirage, aka riƙe kuɗaɗen gwamnatin Nijar, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya yake zuwa. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana.

A nan ne ƙungiyar ta yi babban kuskurenta, kuma a nan ne ta rasa zukatan mutanen arewa. Takunkumin bai taɓa janar-janar ba kamar yadda ya taɓa mai ɗinki a Maraɗi da ya rasa wuta, da majinyaci a Yamai da ya rasa magani, da direban da tirelarsa ta yi makonni a Illela ko Jibiya albasa tana ruɓewa a ciki. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau sun rasa abokan ciniki na shekaru, wasu da bashinsu a hannun mutanen da suka kasa tsallakowa. Batun yaƙi kuwa ya fi haka muni, domin duk wanda ya san yankin ya san cewa hanyar da sojoji za su bi ta ratsa garuruwan da suke auratayya da juna, kuma 'yan gudun hijira za su kwararo ne cikin jihohin da 'yan bindiga suka riga suka ɗaiɗaita. Nijar ɗin ma a lokacin tana riƙe da dubban 'yan Najeriya da suka tsere daga Borno da Zamfara da Sakkwato.

Martanin arewa ya zo da sauri, kuma daga kowane ɓangare. Sanatocin arewa sun ƙi amincewa da yaƙi, majalisar dattawa kuma ranar 5 ga Agusta ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. An yi zanga-zanga a Kano. Limamai sun yi huɗuba a kai. Tsohon shugaban ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sun je Yamai a madadin ƙungiyar. Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Tiani ranar 9 ga Agusta tare da Sarkin Damagaram, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi sahu. Ƙofar da ta rufu ga jakadun ƙungiya ta buɗu ga sarakuna da malamai. Ba a yi yaƙin ba, amma barazanar ta riga ta yi aikinta. Ranar 16 ga Satumba, 2023, ƙasashen uku suka ƙulla ƙawancen tsaro na Sahel da ake kira AES, ranar 28 ga Janairu, 2024, kuma suka sanar a gidajen talabijin ɗinsu cewa sun fice daga ECOWAS nan take.

Dalilan da suka bayar huɗu ne: ƙungiyar ta kauce daga manufar waɗanda suka kafa ta, ta faɗa ƙarƙashin tasirin ƙasashen waje, ba ta taimake su a yaƙi da ta'addanci ba, sannan ta ƙaƙaba musu takunkumi na rashin tausayi. Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya ce sai an ba da sanarwar shekara guda, shi ya sa ficewar ba ta tabbata ba sai a 2025. A tsakanin nan ECOWAS ta janye mafi yawan takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, bayan Gowon da kansa ya yi kira da a sasanta. Najeriya ta buɗe iyaka a watan Maris ta mayar da wuta. Aka naɗa shugabannin Senegal da Togo, Bassirou Diomaye Faye da Faure Gnassingbé, su shiga tsakani, aka ƙara wa'adin wata shida ko za su sake tunani. Ba su sake ba.

Masu goyon bayan ficewar suna da yawa a ƙasar Hausa, a ɓangarorin iyaka biyu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ƙungiyar tana da ma'auni biyu. Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kwaddibuwa sun nemi wa'adi na uku a 2020, ba a yi musu barazanar yaƙi ba. Iyali ɗaya ke mulkin Togo tun 1967. Idan soja ya karya tsarin mulki da bindiga a kira shi ɗan tawaye, farar hula ya karya shi da alƙalami a tura masa saƙon taya murna, to talaka yana da dalilin zargin cewa ƙungiyar ta shugabanni ce masu kare kujerun juna. Suna kuma tambaya: rundunar da aka ce za a haɗa cikin kwanaki don Bazoum, ina take a shekaru goma da aka yi ana kashe mutane a Tillaberi da Diffa da tsakiyar Mali? Sai batun Faransa, wanda shi ne ya fi motsa zukata. Nijar ta daɗe tana fitar da yuraniyom daga Arlit tun farkon shekarun 1970, amma ta kasance cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya. Da Faransa ta fito fili ta goyi bayan matakin ECOWAS, sai mutane da yawa suka ɗauki ƙungiyar a matsayin 'yar aikenta. Ficewar sojojin Faransa a Disamba 2023 da na Amurka a 2024, da ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, sun ƙara wa gwamnatin sojan farin jini a wurin matasan Kano da ke bibiyar al'amura a Facebook da TikTok.

Masu adawa da ficewar ba su da amo kamar na farko, wani ɓangare saboda a cikin Nijar faɗin irin wannan ra'ayi yana da haɗari. Babbar hujjarsu ita ce ba a tambayi kowa ba. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, babu majalisar da ta zauna ta tattauna, domin an rushe ta. Taron gangami a titunan Yamai yana nuna cewa akwai masu goyon baya, amma ba ya nuna yawansu, kuma ba ya ɗauke da muryar makiyayi a Tanut ko mai sayar da wake a Magarya. Suna ganin cewa ainihin abin da ficewar ta samar wa sojojin shi ne kuɓuta daga matsin lambar shirya zaɓe. A watan Maris 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar, aka rusa jam'iyyun siyasa, Bazoum kuma yana tsare duk da hukuncin da kotun ECOWAS ta yanke a Disamba 2023 cewa a sake shi. Wannan kotu ita ce a 2008 ta yanke wa gwamnatin Nijar hukunci saboda gazawarta wajen kare wata mata daga bauta, ta sa aka biya ta diyya. Ɗan Nijar ya rasa wannan ƙofa yanzu.

Akwai kuma hujjar taswira. Dukkan ƙasashen uku ba su da teku. Nijar ta dogara da tashar Kwatano shekara da shekaru, amma ta bar iyakarta da Benin a rufe ko bayan janye takunkumi, kaya suka koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuɗin hanya kuma ya hau kan mai saye. Bututun ɗanyen man Agadem mai tsawon kusan kilomita 2,000 a gaɓar tekun Benin yake ƙarewa. Miliyoyin 'yan ƙasashen uku suna neman abinci a Kwaddibuwa da Gana da Najeriya da Senegal, kuma zamansu can ya dogara da yarjejeniyar da gwamnatocinsu suka fice daga cikinta. Wani abin da masu adawa ke nunawa shi ne ƙasashen sun bar ECOWAS, wadda Najeriya ce ƙashin bayanta, amma sun zauna a ƙungiyar masu kuɗin saifa, wadda ita ce ke da igiyar da ta haɗa su da Faransa kai tsaye.

Ba wannan ne karo na farko da ƙasa ta bar irin wannan ƙungiya ba. Muritaniya ta fice daga ECOWAS a 2000, sannan a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ita. Maroko ta bar ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, ta koma Tarayyar Afirka a 2017. Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a ranar 23 ga Yuni, 2016, kashi 52 cikin 100 suka zaɓi barin Tarayyar Turai, amma ba ta fita ba sai 31 ga Janairu, 2020, bayan shekaru na ciniki a kan kifi da kwastam da iyakar Ailan. Ko da mutum yana ganin Turawan Ingila sun yi kuskure, su suka yanke wa kansu, kuma an rubuta sharuɗɗan rabuwar kafin a rabu. A Sahel an rabu tukuna, sharuɗɗan suna biyo baya.

Abin da ke riƙe da al'amura a yanzu alkawura ne na wucin gadi. A Disamba 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza. A ranar ficewar, hukumar ECOWAS ƙarƙashin Omar Alieu Touray ta umarci sauran ƙasashe su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su bar kayansu su shiga bisa tsohon tsari, har sai an sanar da wani abu dabam. Wannan ya sa fatake da yawa suke cewa ba su ga abin da ya canza ba, kuma da gaskiyarsu. Amma akwai bambanci tsakanin haƙƙi da alfarma. Haƙƙi yana rubuce, ana iya kai ƙara a kansa. Alfarma kuwa sanarwa ɗaya ta isa ta ɗauke ta. An fara ganin alamun haka: AES ta fito da nata fasfo, a Maris 2025 ta sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje, a Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Mayu 2025 kuma, ana gab da Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi. Wannan na ƙarshe ya taɓa dillalan Maigatari da Wudil kai tsaye, ya kuma taɓa magidancin da ke neman ragon layya a Gaya ko Ajingi.

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa Najeriya ma ba ta cika mutunta waɗannan ƙa'idoji ba lokacin da take da buƙata. Ta kori baƙi a 1983, ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986 a daidai lokacin da fari ya addabi Nijar, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa, duk tana cikin ƙungiyar. Direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Maraɗi sun san cewa takardar ECOWAS ba ta taɓa rage yawan shingayen da ake tsayar da su ana karɓar na goro ba. Haka nan ba duk tsadar da aka gani ba ce ta samo asali daga rikicin. Cire tallafin mai a Mayu 2023 da faɗuwar naira a gaban saifa sun juya akalar cinikin iyaka da kansu, har hatsin Najeriya ya zama mai araha ga mai riƙe da saifa. Wanda ya ɗora komai a kan ficewar ya yi kuskure, haka ma wanda ya ce ba ta da wani tasiri.

Ana yawan cewa zumuncin Kano da Damagaram, da na Katsina da Maraɗi, ya girmi ECOWAS, ya ma girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20. Haka ne. Sarautar Maraɗi daga Katsina ta fito bayan jihadi, kuma ayarin fatake sun yi ta kai da kawo tsakanin Kano da Agadas ƙarnoni kafin a san fasfo. Sai dai zumunci ba ya hana jami'in kwastam tsare mota, kuma babban ɗan kasuwa ne ke da hanyar kuɓutar da kayansa idan doka ta rikice. Wanda ke shan wahala shi ne mai buhu biyar na wake, da mai awaki goma, da ɗan ci-rani da ba shi da kowa a ofis. Irin waɗannan su ne suka fi buƙatar rubutacciyar doka, kuma su ne ba a ji muryarsu a muhawarar ba.

Dangantakar gwamnatocin Najeriya da Nijar ta yi tsami sosai a Disamba 2024, lokacin da Tiani, a wata hira da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don tayar da fitina a ƙasarsa, Najeriya kuma ta musanta. A Maris 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi. A Afrilu ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar. Wannan hukuma an kafa ta tun 1971, ta riga ECOWAS, hedikwatarta tana Yamai, kuma ficewar ba ta shafe ta ba. Haka nan aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, da reshensa zuwa Dutse da aka tsara zai ratsa ƙasar Gaya, amfaninsa ya rataya ne a kan iyakar da ke buɗe.

Komawar Nijar cikin ECOWAS ba abu ne da ake hangowa kusa ba, kuma ba a hannun mutanen Kano yake ba. Abin da ke hannunsu shi ne matsa wa wakilansu lamba, tun daga 'yan majalisar da ke wakiltar Gaya da Ajingi har zuwa gwamnonin jihohin iyaka da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na dillalan dabbobi, a kan Najeriya da Nijar su rubuta yarjejeniya ta kansu a kan shige da fice, da cinikin hatsi da dabbobi, da hanyoyin makiyaya, da wutar lantarki, tare da sharaɗin cewa babu wanda zai rufe iyaka ko ya hana fitar da kaya ba tare da sanarwa ba. Sarakuna da malaman da suka tashi tsaye suka hana yaƙi a 2023 ya kamata su sa baki a wannan ma.